Otal ɗin Taj Mahal Palace na Mumbai: tarihinsa, tsarin gininsa da siyasar da ta ratsa shi

Taj Mahal Palace otal ne na alfarma da ke bakin teku a unguwar Kolaba ta birnin Mumbai, ƙasar Indiya. An buɗe shi ranar 16 ga Disamba, 1903, lokacin ana kiran birnin Bombay, Turawan Ingila kuma na mulkin ƙasar. Suna kawai ya haɗa shi da Taj Mahal na Agra, hubbaren da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa a ƙarni na 17. Attajirin nan Jamsetji Tata ne ya gina otal ɗin, kuma har yau yana hannun rukunin kamfanonin Tata. A tsawon shekaru fiye da 120, ginin ya zama asibitin yaƙi, ya zama matattarar 'yan siyasar neman 'yanci, ya kuma zama fagen daga a harin 2008.

Zamanin da ya haifi manyan otal-otal

Kafin ƙarni na 19, matafiyi a Turai ko Amurka masauki yake samu, na kwana da abinci. Jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi ne suka samar da wani sabon rukunin matafiya masu kuɗi, waɗanda ke son jin daɗin da a da sai a fadar sarki ake samunsa. Tremont House na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1829, yana cikin na farko da suka shigar da ruwan famfo da makewayi cikin gini, suka kuma bai wa kowane baƙo makullin ɗakinsa. Savoy na Landan ya biyo baya a 1889 da wutar lantarki da na'urar hawa bene, sai Ritz na Paris a 1898.

Buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869 ya rage nisan tafiya tsakanin Ingila da Indiya ƙwarai, Bombay ta zama ƙofar shiga ƙasar. Birnin ya riga ya yi arziki da cinikin auduga a lokacin yaƙin basasar Amurka, sai dai ba shi da masaukin da zai yi kafaɗa da na Turai. A 1896 kuma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta afka masa, ta kashe dubban mutane, ta kori wasu da yawa, sunan birnin ya ɓaci a idon baƙi. Shekaru biyu bayan haka aka fara haƙa harsashin Taj.

Tata da labarin kora

An haifi Jamsetji Tata a garin Navsari a 1839, cikin al'ummar Farsi mabiya addinin Zaradusht. Da masaƙun auduga ya yi arziki, musamman Empress Mills da ya buɗe a Nagpur a 1877. Labarin da ya fi yawo shi ne wai an hana shi shiga otal ɗin Watson saboda shi ba Bature ba ne, ya yi rantsuwa sai ya gina wanda ya fi shi. Marubuta tarihin otal ɗin, Sharada Dwivedi da Charles Allen, sun yi shakkar wannan ruwaya, suna ganin son farfaɗo da martabar Bombay ne ya motsa shi. Labarin ya daɗe a bakin jama'a ne saboda wariyar da yake nunawa gaskiya ce: kulob-kulob da dama na Turawa a birnin ba sa karɓar ɗan ƙasa komai dukiyarsa. Taj kuwa tun ranar farko yana karɓar Ba'indiye da Bature, muddin mutum na iya biya.

Aikin ya ci kusan fam 250,000 na wancan zamani. Tata bai daɗe yana ganin abin da ya gina ba, domin ya rasu a Jamus a watan Mayun 1904, watanni biyar bayan buɗewa.

Tsarin ginin

'Yan Indiya biyu ne suka zana ginin, Sitaram Khanderao Vaidya da D. N. Mirza. Da Vaidya ya rasu aikin bai kammala ba, sai Baturen Ingila W. A. Chambers ya karɓa ya ƙarasa. Wannan sauyin hannu ya bar alama a saman ginin. Ƙananan kubbobin da ke kusurwoyi huɗu masu siffar albasa ne, irin na gine-ginen Musulunci a Indiya, babbar jar kubbar tsakiya kuma ta ɗauko kamannin kubbar babban cocin Fulorens na Italiya. Tsayinta daga ƙasa ya kai ƙafa 240, kuma shekaru da dama ita ce alamar farko da matuƙan jiragen ruwa ke hangowa in sun doshi tashar Bombay.

Salon ginin gauraye ne. Akwai bakunan gizo masu tsini irin na Turai, akwai barandu da tagogi masu sassaƙa irin na Gujarat da Rajastan, akwai kuma ado irin na Andalus. Turawan mulki sun so irin wannan gauraye a tashoshin jirgin ƙasa da kotuna, don ya nuna su a matsayin magadan sarakunan Mughal. A Taj, ɗan ƙasa ne ya ɗauki salon ya yi aiki da shi. A ƙarƙashin babbar kubbar akwai matakalar da ke zagaye bango tana hawa bene bayan bene ba tare da ginshiƙi ya tokare ta ba, shi ya sa ake ce mata matakala mai shawagi.

An tsara ginin kamar harafin U, buɗaɗɗen ɓangarensa na fuskantar gari. Ta nan ne ƙofar asali take, inda kekunan doki ke sauke baƙi, ɗakuna masu yawa kuma suka samu kallon teku da iskarsa. Daga nan aka ƙirƙiro tatsuniyar cewa magina sun juya zanen baibai bisa kuskure, alhali da gangan aka yi. Daga baya an mayar da ƙofar shiga ɓangaren teku, tsohuwar farfajiyar ta zama wurin ninƙaya. Kayan ciki kuwa daga ƙasashe daban-daban aka tattaro su: fankoki daga Amurka, na'urorin hawa bene daga Jamus, ɗakunan wankan tururi irin na Turkiyya. A 1973 aka ƙara doguwar hasumiya ta zamani a filin da otal ɗin Green yake a da.

Otal a tsakiyar siyasa

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da otal ɗin asibitin soja mai gadaje 600. Bayan yaƙin ya zama dandalin da sarakunan gargajiya, jami'an mulki da jagororin neman 'yanci ke haɗuwa. Sarojini Naidu, wadda ta shugabanci jam'iyyar Congress a 1925, ta yi shekaru tana zaune a ciki. Rattanbai, matar Muhammad Ali Jinnah wanda ya kafa Pakistan, a nan ta yi ƙarshen rayuwarta kafin ta rasu a 1929.

A gaban otal ɗin aka gina Ƙofar Indiya, wadda aka kammala a 1924 don tunawa da ziyarar Sarki George na Biyar a 1911, shekarar da aka yi masa babban taron daba a Delhi. Daga Indiya ne Turawa suka kawo wannan kalma ta daba zuwa Arewacin Najeriya. Ta wannan ƙofa rundunar Ingila ta ƙarshe ta fice daga Indiya ranar 28 ga Fabrairu, 1948.

Harin 2008

Daren 26 ga Nuwamba, 2008, 'yan bindiga goma na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka shigo Mumbai ta teku daga Karachi, suka kai hari wurare da dama, suka kashe mutum 166. Huɗu daga cikinsu sun yi kusan sa'o'i 60 a cikin Taj, sai safiyar 29 ga wata aka gama da su. Mutum kusan 30 suka mutu a otal ɗin, fiye da goma daga ciki ma'aikata ne, waɗanda da yawansu sun san hanyoyin fita amma suka tsaya fitar da baƙi. Dogayen lunguna da ƙofofin baya na tsohon ginin sun wahalar da jami'an tsaro, dakarun musamman kuma sai da aka ɗauko su daga Delhi, suka iso washegari.

Harin ya ci kujerar ministan cikin gida Shivraj Patil da ta babban ministan jihar Maharashtra Vilasrao Deshmukh. An kafa hukumar binciken ta'addanci ta ƙasa kafin shekarar ta ƙare, tattaunawar sulhu da Pakistan ta tsaya, an kuma rataye Ajmal Kasab, maharin da aka kama da rai, a Nuwamban 2012. An soki gidajen talabijin da cewa sun tare a gaban kubbar Taj mai ci da wuta, suka ba da ƙaramin lokaci ga tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji, inda aka kashe mutum 58, akasarinsu talakawa matafiya.

An sake buɗe hasumiyar a Disamban 2008, tsohon ginin kuma ranar 15 ga Agusta, 2010, ranar bikin 'yancin Indiya. Shugaban Amurka Barack Obama ya sauka a ciki a Nuwamban shekarar. A 2017 aka yi wa siffar ginin rajista a matsayin tambarin kasuwanci, karo na farko da aka yi wa wani gini haka a Indiya.

Otal ɗin Watson, wanda aka gina da zubin ƙarfe da aka kawo daga Ingila, kuma inda aka fara nuna fim a Indiya a Yulin 1896, yana nan tafiyar 'yan mintoci daga Taj. Ya daina aikin otal tun da daɗewa, aka yanka shi ƙananan ofisoshi da ɗakunan haya, ya yi ta lalacewa har hukumomi suka fitar da mazauna cikinsa a 2019.