Fijo a Hanyar Filinge: Tarihin Milimita Takwas

Shekaru da dama motocin Fijo na cikin masu ɗaukar mutanen Kurfai da kayansu daga Filinge, su bi ta Baleyara zuwa Yamai. A cikinsu akwai 404, wadda ta fito a 1960 da inji mai cc 1618: faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin milimita 73. Da kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a 1968, bai taɓa faɗin ba. Sai ya sauya karanshaf, tafiyar ta kai milimita 81, injin ya koma cc 1796. Daga 1975 aka fara harhaɗa 504 a Kaduna, kayan gyaranta suka yawaita a kasuwannin ƙasar Hausa.

Zaɓin nan yana gaban duk bakaniken da ya kwance tsohon inji. Doguwar tafiya tana ƙara ƙarfin ja, abin da rairayin Dallol Bosso ke bukata, amma tana ƙara shan mai da gugar fistin.  Ga direban da motarsa ce gonarsa, kuskure a nan asarar abincin gida ne.