Tushen Koyarwa Cikin Ikkilisiyarmu

Wanda ya fita ta Ƙofar Kabuga ya nufi yamma zai iske garin Tofa, inda mishan na SIM suka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki. Daga can masu bishara suka bazu cikin ƙauyukan ƙasar Kano.

Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, amma yawancin iyayenmu ba su iya karatu ba. Saboda haka mai bishara yakan tara yara a gindin itace da safe, da dare kuma manya su zauna gaban fitila suna koyon baƙaƙe. Bayan kafuwar ECWA a 1954, aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. Makarantar Lahadi, ajin baftisma, Zumuntar Matasa da Zumuntar Mata duk suka yi ƙarfi. A kan wannan tushe ikkilisiyarmu ta tsaya shekara 50.

Yau muna da gini mai kyau, amma malaman Lahadi sun yi kaɗan, yaranmu da yawa kuma ba sa iya karanta Littafin da Hausa. Dattawa da iyaye, wa zai koya musu in ba mu ba? Ubangiji ya taimake mu. Amin.