Tawayar Zuciya a Jariran da Aka Haifa da Buɗaɗɗen Ƙirji da Ciki

Daga cikin tawayar halitta da ba a cika samu ba akwai wadda likitoci ke kira tawayar Cantrell mai sassa biyar. Wasu likitoci uku na ƙasar Amurka, wato Cantrell da Haller da Ravitch, su ne suka bayyana ta a shekarar 1958.

Sassan nan biyar su ne: buɗewar bangon ciki a saman cibiya, inda hanji ko hanta kan fito cikin wata 'yar jaka, rabewar ƙasan ƙashin ƙirji, giɓi a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, giɓi a jakar da ta lulluɓe zuciya, sai kuma tawaya a cikin zuciyar kanta. Ba kowane jariri ne ke zuwa da duka biyar ɗin ba, shi ya sa a shekarar 1972 likita Toyama ya kasa ta gida uku bisa cikar alamomin.

Tawayar zuciya da aka fi samu ita ce huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Akan kuma sami huji tsakanin ɗakunan sama, ko ƙuncin hanyar da ke kai jini huhu, wanda kan sa leɓɓan jariri su yi shuɗi. Idan abin ya tsananta, zuciyar takan fito wajen ƙirji.

Matsalar tana farawa ne a makonnin farko na ciki, lokacin da gefuna biyu na jikin ɗan tayi suka kasa haɗuwa a tsakiya. Galibi ba gadonta ake yi ba, kuma ba laifin uwa ba ne.

Ana iya gano ta ta hanyar hoton ciki tun cikin watanni uku na farko. Wannan kan ba da damar shirya haihuwa a babban asibiti mai likitocin tiyatar yara da na zuciya. Yawanci akan yi tiyatar ne mataki-mataki, kuma rayuwar jaririn ta fi dogara ga tsananin tawayar zuciyar.

Idan aka haifi irin wannan jariri a gida, kada a shafa masa wani magani, kada kuma a yi ƙoƙarin tura abin da ya fito ciki. A rufe wurin da leda mai tsabta, a lulluɓe jaririn don ɗumi, sannan a garzaya da shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.