Kabarin Farabiti Strudwick: Yadda Ingila Ta Fara Riƙe Sunan Ƙaramin Soja

Tun zamanin da, al'adar marubuta tarihi ce su riƙe sunayen sarakuna da na sarakunan yaƙi, su bar dakaru a cikin lissafi. Akan ce wane ya ci gari kaza, an kashe mutum dubu kaza, shi ke nan a wuce. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba lokacin da wannan al'ada ta fara sakewa a ƙasar Ingila, da dalilan da suka kawo haka, da kuma inda sakewar ta tsaya. Za a bi maganar ne ta kan kabarin soja guda, wanda bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma ci wata lambar jaruntaka ba.

A arewa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam akwai wata maƙabartar soja da ake kira Essex Farm, mai kaburbura kimanin 1,200. A cikinsu akwai na Valentine Joe Strudwick, mutumin garin Dorking a kudancin Ingila, farabiti a Bataliya ta 8 ta rundunar Rifle Brigade. An haife shi ranar 14 ga Fabrairu, 1900, an kashe shi ranar 14 ga Janairu, 1916, wato saura wata ɗaya cif ya cika shekara 16. A jikin dutsen kabarinsa an rubuta shekarunsa a fili, 15.

Doka ba ta yarda da haka ba. Ƙa'ida ita ce sai mai shekara 18 zai shiga soja, sai mai 19 za a kai shi fagen fama a ƙetare. Amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a watan Agusta 1914, sojan Ingila kaɗan ne in aka gwada da na Jamus ko Faransa, domin ita ba ta tilasta wa samarinta aikin soja. Sai Ministan Yaƙi, Kitchener, wanda shi ne ya ci yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, ya yi shela yana neman 'yan sa-kai. Kafin ƙarshen 1915 mutum wajen miliyan biyu da rabi sun amsa kira. Ba a neman takardar haihuwa. Yaro in yana da tsayi da faɗin ƙirji, ya faɗi shekarun da ake so a ji, saje ya rubuta. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana, ga abinci ga sutura, abin da ɗan talaka ba zai raina ba. Ta wannan ƙofa Strudwick ya shiga a 1915, tare da dubban yara irinsa. Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, amma manyan da suka rubuta sunayen nan sun santa.

Yaƙin da ya tarar ba irin wanda ake kwatantawa a makaranta ba ne. Tun ƙarshen 1914 igwa da bindiga mai ruwa suka hana kowa tsayuwa a fili, sai ɓangarorin biyu suka haƙa ramuka suka shige, jere da juna, tun daga bakin tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar fiye da mil 400. Ramin ya yi kama da gwalalon da ke gewaye da ganuwa, sai dai a cikinsa ake kwana ake tashi. Gabansa waya ce mai ƙaya, bayan wayar kuma filin da ba na kowa ba, wani wuri faɗinsa bai kai yadi ɗari ba. A wajen Ypres ƙasar fadama ce, da an haƙa kaɗan sai ruwa ya tsattsafo, saboda haka sai an tara buhunan ƙasa a yi katanga. Da hunturu soja kan wuni tsaye cikin ruwan sanyi da taɓo har ƙafafunsa su kumbura su fara ruɓewa. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata. A wannan yanki ne kuma Jamusawa suka saki iskar guba a watan Afrilu 1915.

Abin lura a nan shi ne ranar da Strudwick ya mutu ba ta da suna a littattafan yaƙi. Ba a kai wani babban hari ba, ba a ci ko taƙi guda na ƙasa ba. Rana ce irin wadda rahoton hedikwata kan ce babu wani labari. A irin waɗannan ranaku harsashin igwa da na maharban ɓoye ke ɗauke mutane ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, har hafsoshi sukan sa wannan asara cikin lissafinsu na kullum kamar yadda ake lissafin abinci da takalma. Ko a wajen sanar da mutuwa ma akwai bambanci: iyalin hafsa waya ake buga musu, iyalin farabiti kuwa takarda ce bugaggiya da akawu ke cike gurabenta, a aika ta gidan waya.

Da a ƙarnin da ya gabata ne, da labarinsa ya ƙare a nan. Bayan yaƙin Waterloo a 1815, rami ɗaya aka riƙa haƙawa ana zuba gawawwakin ƙananan sojoji, wasu kuma aka ƙone. Manyan hafsoshi ne ake sassaƙa wa duwatsu a coci. Mutumin da ya fi kowa hannu wajen sake wannan shi ne Fabian Ware, tsohon malamin makaranta kuma ɗan jarida, wanda ya je Faransa a 1914 yana shugabantar ayarin motocin ɗaukar majinyata. Ya lura babu wanda ke rubuta inda aka binne mutane, sai ya sa mutanensa suka fara. A 1915 hukumar soja ta amince da aikin, a watan Mayu 1917 kuma aka kafa Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Daular Birtaniya.

Hukumar ta tsaya a kan ƙa'idodi masu tsauri. Ba za a mayar da gawar kowa gida ba, domin mai kuɗi kaɗai zai iya. An riga an ga misali a watan Afrilu 1915, sa'ad da aka kai gawar Laftana Gladstone, jikan tsohon Firayim Minista, aka binne a garinsu, alhali dubbai na kwance inda suka faɗi. Har ila yau dutsen kowa zai zama iri ɗaya, tsayi ɗaya, janar da farabiti kafaɗa da kafaɗa. Manyan gidaje ba su ji daɗin wannan ba. Iyaye mata suka yi ta rubuta takardun koke, suna cewa gwamnati ta ɗauki 'ya'yansu da rai, yanzu kuma ta hana su gawa. Koken nan yana da nauyi, bai kamata a raina shi ba. Maganar ta kai Majalisar Dokoki ranar 4 ga Mayu, 1920, Winston Churchill ya goyi bayan hukumar, ƙa'idar ta tabbata. Abin da aka bar wa iyali shi ne su zaɓi 'yan kalmomi, haruffa 66, a sassaƙa a gindin dutsen, da farko ma har ana neman su biya kwabo uku da rabi kowane harafi. Aka kuma aika wa kowane gida da faifan tagulla mai sunan mamacin, ba tare da an ambaci muƙaminsa ba.

Waɗanda igwa ta tarwatsa ko taɓo ya haɗiye, an rubuta sunayensu a bango: fiye da 54,000 a Ƙofar Menin da ke Ypres, wadda aka buɗe a 1927, da fiye da 72,000 a Thiepval ta Faransa. Ranar 11 ga Nuwamba, 1920 kuwa aka binne wani soja da ba a san ko wane ne ba a cocin Westminster, tsakanin sarakunan Ingila.

Bai kamata a ɗauka tausayi kaɗai ya kawo wannan ba. Sojan Waterloo talaka ne wanda hukuma ba ta tsoron danginsa. Na 1916 kuwa ɗan akawu ne, ɗan maƙeri, ɗan mai haƙar kwal. Uwarsa ta iya karatu, ubansa yana cikin ƙungiyar ƙwadago, kuma dokar 1918 ta bai wa kusan kowane namiji mai shekara 21 ƙuri'a. Ƙasar da ta rasa mutum fiye da 700,000 daga irin waɗannan gidaje ba ta da ikon cewa ba ta san inda suke ba.

Wannan dalili shi ne kuma ya nuna iyakar ƙa'idar. A makon da aka binne Strudwick, sojojin Rundunar Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, suna kewaye da Jamusawa a dutsen Mora na arewacin Kamaru, har aka sallama a watan Fabrairu 1916. Daga baya aka kai su Gabashin Afirka, inda suka yi babbar asara a Mahiwa a watan Oktoba 1917. Su da 'yan dakon da ke ɗauke musu kaya ba su da ƙuri'a a Landan. A watan Afrilu 2021 wani kwamiti da hukumar kanta ta naɗa ya bayyana cewa mutum 116,000 a ƙalla, wataƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko bango ba, kuma wariyar launin fata na daga cikin dalilan. Ministan Tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban Majalisa. Tun daga nan aka shiga tonon tsofaffin takardu ana neman sunayen, kuma a watan Janairu 2025 aka buɗe wurin tunawa a birnin Cape Town mai ɗauke da sunayen lebarorin soja fiye da 1,700.