Grand Central: Tashar da Ta Tsallake Rijiya da Baya

A ranar 8 ga Janairu, 1902, wani jirgin ƙasa ya afka wa wani daga baya a cikin ramin da ke ƙarƙashin titin Park Avenue a birnin New York. Hayaƙin kwal da tururi ne suka hana direba ganin alamar tsayawa, mutum 15 suka rasu nan take. Majalisar jihar ta haramta wa jiragen kwal shiga tsibirin Manhattan daga 1908, lamarin da ya tilasta wa kamfanin New York Central komawa ga lantarki.

Babban injiniyan kamfanin, William Wilgus, ya hango riba a cikin wannan dole. Tunda jirgin lantarki ba ya hayaƙi, ana iya binne layukan dogo hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, a ba da hayar sararin da ke bisansu ga masu gina otal-otal da ofisoshi. Da wannan dabara aka gina tashar Grand Central, aka buɗe ta ranar 2 ga Fabrairu, 1913.

Sai dai darajar filin da ta rayar da tashar ita ce ta so ta kashe ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji, filin ya zama ya fi jigilar kawo kuɗi. A 1963 aka fara rusa takwararta, tashar Pennsylvania. Takaicin wannan asara ya sa birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Da kamfanin Penn Central ya nemi ɗora bene mai hawa fiye da 50 a kan Grand Central a 1968, hukuma ta hana, shi kuwa ya garzaya kotu yana cewa an ƙwace masa dukiya ba diyya. Jacqueline Kennedy Onassis na cikin waɗanda suka tsaya wa tashar. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai shida da uku, cewa birni yana da ikon kare gadonsa.

Hukunci ya hana rusau, amma aiki ne ya riƙe tashar. Jiragen dogon zango sun bar ta a 1991. Yau jiragen Metro-North ke kawo ma'aikata daga garuruwan arewacin birnin da jihar Connecticut ta layukan Hudson, Harlem da New Haven, su haɗu da jiragen ƙarƙashin ƙasa, ga kuma kantuna da gidajen abinci. A 2023 aka ƙara mata sabon sashe don jiragen Long Island.

Sa'ad da aka wanke rufin babban zaurenta mai zanen taurari, a gyaran da aka kammala a 1998, da gangan aka bar ɗan tabo baƙi a gefe guda, domin mai wucewa ya ga yadda sakaci ya taɓa mayar da ita.