Tarihin Rundunar Elf a Wasan Magic

A shekarar 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield, masanin lissafi, ya ƙirƙiro. Kowane ɗan wasa shi ke haɗa ƙunshin katinsa, aƙalla sittin, ya fuskanci abokin karawa mai rai ashirin. Cikin katunan farko akwai Llanowar Elves, ɗan elf, wato halittar nan mai dogayen kunnuwa da ke zaune a dazukan tatsuniyoyin Turai. Ƙarfinsa ɗaya, juriyarsa ɗaya. Kusan kowa na iya kashe shi. Aikinsa kawai ya ba ka makamashi guda, wanda da shi ake biyan kuɗin sauke wasu katunan. Amma wanda ya sauke shi a zagayen farko ya riga abokin karawarsa da taki ɗaya, kuma a kan wannan takin aka gina komai.

Da farko dai elf bara ne, mai share wa manyan dodanni hanya. Lamarin ya sauya a 1998 da fitowar Priest of Titania, wadda ke ba da makamashi gwargwadon yawan elf da ke fili. Daga nan masu wasa suka fahimci cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, suka fara cika ƙunshi da 'yan ƙabila ɗaya.

Shekarar da nake ƙauna a wannan tarihi ita ce 2008. A babbar gasar Pro Tour ta birnin Balin a Jamus, shida daga cikin takwas ɗin ƙarshe elf suka riƙe, Luis Scott-Vargas kuma ya ɗauki kofi da su. Sirrin kati uku ne. Heritage Druid yana ba ka makamashi uku idan ka kwantar da elf uku, wato ka karkatar da katunansu alamar sun yi aiki, har da waɗanda suka shigo yanzu-yanzu, alhali a ƙa'ida sabon shiga sai ya jira zagaye na gaba. Nettle Sentinel yana miƙewa duk lokacin da ka sauke koren kati, ka sake kwantar da shi. Glimpse of Nature, na 2004, yana ba ka sabon kati a kan kowace halitta da ka sauke a wannan zagayen. Sai ka ga mutum ya zare kusan ƙunshinsa duka a zagaye na biyu ko na uku, abokin karawa na zaune ya zuba ido. Da aka buɗe tsarin gasa na Modern a 2011, Glimpse of Nature na cikin katunan da aka haramta tun ranar farko.

Daga baya Elvish Archdruid ya zo a 2009, sai Craterhoof Behemoth a 2012, dodon da ke kumbura runduna duka ta afka gaba ɗaya.

Masu cewa wasan elf ba ya buƙatar tunani ba su taɓa riƙe shi ba. Ina rage katunan ƙasa masu ba da makamashi, domin elf ɗin kansu ne rijiyata, kuma nan haɗarin yake: Wrath of God, wanda shi ma tun 1993 yake, yana share fili ya tafi da sojojina da makamashina lokaci guda. Don haka idan na ga abokin karawa da fararen katuna ya kusa tara makamashi huɗu, kuɗin sauke Wrath of God, nakan ɓoye elf biyu a hannu, in kai hari da waɗanda ke ƙasa.