Abincin Biki a Ƙasar Wudil Daga Zamanin Rumbu Zuwa Zamanin Faranti

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin abincin da ake ci a bikin aure a ƙasar Wudil, da yadda nauyin samar da shi ya yi ta sauya kafaɗa tun daga zamanin En'e. Masu wa'azi da marubutan jaridu sun daɗe suna kokawa da tsadar biki, akasarinsu kuwa suna ɗora laifin a kan almubazzaranci da gasa. Ba mu musa wannan ba. Amma muna so mu nuna wa mahalarta cewa bikin da ma yana da tsadarsa. Abin da ya canja shi ne mai biyan, da lokacin biyan, da abin da ake biya da shi.

Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogin da ya tattara ruwan Kogin Kano da na Challawa ya nufi Haɗeja. Ƙasa ce ta Jobawa, gidan da yake riƙe da sarautar Makaman Kano, kuma karar shanunta ta ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Saboda haka kusan duk abin da tukunyar biki take bukata akwai shi a kusa: dawa da gero a tudu, shinkafa da alkama a fadama, kifi a kogi, nono da man shanu a rugagen Fulani.

A wancan zamani ba a tambayar me za a dafa, domin al'ada ta riga ta yanke. Ranar ɗaurin aure goro ake raba wa maza. Ranar yini mata su tuƙa tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, a dama fura, gidan da yake da hali ya ƙara da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso da miyar taushe. Alkama kuwa, da yake da jigo ake ba ta ruwa, abincin manya ce, shi ya sa alkaki ya zama ma'aunin darajar gara, tare da nakiya da dubulan da tulun man shanu. A nan ya kamata mu lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. A mazhabar Malikiyya walima mustahabbi ce a kan ango, akuya guda ma ta wadatar, amma al'adar Hausa ta ɗauki mafi nauyin ciyarwa, watau yini da gara, ta aza wa gidan amarya.

To, yaya talaka yake iya ɗaukar wannan kaya? Amsar ita ce ba shi kaɗai yake ɗauka ba, kuma ba a rana ɗaya ba. Ana sa ranar biki bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike. Surfe da daka da tuƙi aikin gayya ne na maƙwabta da dangi, itace kuma samari ne suke yowa. Sa'an nan kalmar biki ita kanta tana da ma'ana ta biyu, watau gudummawar da mace take kai wa ƙawarta, wadda tilas a rama mata, har da ƙari, ranar da nata ya taso. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya nuna irin wannan zumunci a ƙasar Zazzau, Enid Schildkrout kuma ta nuna yadda tallan 'yan mata a Kano yake taimakawa wajen tara kayan ɗaki. Ashe bashi ne, amma bashin da ba shi da wa'adi sai ranar farin ciki, kuma ana biyansa da ƙwaryar gero ko da ƙarfin dantse.

Shekarun 1970 ne suka girgiza wannan tsari. A 1973 aka shigo da naira, a daidai lokacin da fari ya kwashe rumbuna ya karya garken Fulani. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ta buɗe noman rani na shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura. A farkon 1975 kuma ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Kuɗin man fetur ya jawo shinkafar waje ta cika kasuwa, ta fi ta gida haske, ba ta da tsakuwa. Daga nan dafa-duka da lemon kwalba suka shiga biki, tuwon dawa ya fara zama abin jin kunya a gaban baƙi. Shinkafar kanti da man gyaɗa na gwangwani da dunƙulen Maggi ba sa fitowa daga rumbu, maƙwabciya kuma ba ta da su a ɗaki balle ta kawo gudummawa. Sai kuɗi.

Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta kuma kawo shirin SAP a 1986, farashi ya tashi, amma baki ya riga ya saba, ba wanda ya koma tuwo. Bayan haka Wudil ta zama garin ma'aikata da ɗalibai, musamman da zuwan makarantar horar da jami'an 'yan sanda da kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara karatu a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Al'adun birni suka biyo hanyar Kano: kamu a ɗakin taro na haya, da dina, da katin gayyata, da masu girkin kwangila. Mai girkin kwangila ba ta san ƙwarya ba, faranti take ƙirgawa, kuma tana karɓar kafin alƙalami tun ba a hura wuta ba. Wannan ne karo na farko da uban amarya ya zauna yana lissafin bakunan da za su ci, abin da kakansa zai ɗauka rowa ce tsagwaronta. Bahaushe dai ya ce in ana bikin farar kaza balbela ba sai an gayyace ta ba, amma yau balbela sai da kati.

Kusancin kara bai sauƙaƙa wa mutumin Wudil nama ba, domin farashin sa yana bin abin da fataken da suke lodi zuwa Legas za su iya biya. Wannan ne ya sa kajin gidan gona suka maye gurbin naman sa a robar biki. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sun ƙara matse lissafin, har buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 70,000 a 2024.

Hukuma ta shigo ta wata ƙofa. Tun 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano take shirya auren gayya, a Oktoban 2023 kuma aka aurar da mata 1,800 a auren gata, gwamnati ta biya sadaki ta ba da kayan ɗaki da na abinci. Watau gwamnati ta tsaya a matsayin uwar amarya, ta yi gara. Sauran jama'a kuwa, waɗanda wannan gata bai kai gare su ba, adashi suke zubawa wata da watanni, gudummawar ƙawaye tana zuwa ta asusun banki, a rubuta ta a littafi domin ranar ramuwa. A ƙauyukan da ke kewaye da garin har yanzu ana girka manyan tukwane a tsakar gida, sai dai shinkafar da ke ciki awonta aka yi a kasuwar Juma'a.